Wasiƙa daga Yash

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da su Hajiya da amarya da jaririn da har yau ban gani ba sai a hoto. Na ga saƙonka, na kuma ga dariyar da ka yi mini a ƙarƙashin hoton nan da nake tsugune kusa da kare. Ka ce wai ni ne dai da karen gidan mai unguwa ya taɓa sa na haye katanga na bar takalmi? Ni ne. Abin ya fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ka san tun da yaƙi ya koro mu daga Yukren a 2022 na dawo nan Yash, a gabashin Romaniya, na ci gaba da karatun likitancin. Bara wata 'yar ajinmu ta ja ni wani gida a bayan gari inda ake riƙon yara goma sha ɗaya. Duk Asabar nake zuwa. Aikina taya su lissafi, buga ƙwallo, wani lokaci firar dankali a kicin. Suna ce mini "nenea", wato kawu. Abincin rana sau da yawa mamaliga ne, tuwon masara sak, sai dai da cuku ake ci, ba miyar kuka.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yawancinsu ba marayu ba ne irin yadda muka san maraya. Iyayen da yawa suna raye. Talauci ko giya ko rashin lafiya ne ya raba su. A wurinmu uba na rasuwa, kafin sadakar arba'in an san baffan da zai ɗauki wane, an san gwaggon da za ta riƙe wance, ko da riƙon bai yi daɗi ba. Nan kuwa hukuma ce baffa, kuma abin yana da tushe. A 1966 shugabansu Causesku ya kafa doka mai lamba 770, ya hana zubar da ciki don yana son jama'a ta yawaita, har haraji aka ɗora wa marasa 'ya'ya. A shekarun 1980 ya matse ƙasar don biyan bashin waje, abinci da wutar ɗumama ɗaki suka yi wuya, mutane suka riƙa kai wa gwamnati yaran da suka kasa ciyarwa. Da aka harbe shi a ƙarshen 1989 aka buɗe gidajen, aka tarar da yara wajen dubu ɗari, wasu ɗaure a gado. Ka tuna Siret, garin kan iyaka da na ce maka a nan muka tsallako cikin sanyi aka tare mu da shayi da bargo? Ashe ɗaya daga cikin gidajen da suka fi ƙaurin suna a can yake. Ban sani ba sai daga baya.

Ranar da na fara zuwa, yara uku suka rugo suka maƙale ni kamar sun shekara da sanina. Daɗi ya kama ni, na ce lallai ina da farin jini. Matar da ke kula da gidan ta ja ni gefe ta ce kada in yi murna, haka suke yi wa duk wanda ya shigo, har mai kawo gas. Yaron da ya taso ba shi da mutum ɗaya tsayayye nasa, kowa nasa ne, kuma ba kowa. Mun karanta wannan a aji. A Bukares, babban birnin ƙasar, wasu masu bincike daga Amurka sun bi yara 136 na gidajen gwamnati, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, kuma waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu su ne suka fi farfaɗowa wajen kaifin ƙwaƙwalwa da shaƙuwa. Amma karantawa daban, yaro ya riƙe maka ƙafa daban. Ta ce in ba zan yi shekara ina zuwa ba, in yi zamana a gida. Ta gaji da masu zuwa rana ɗaya su ɗauki hoto.

To, sai karyar da ka gani a hoton. Baƙa ce mai farin ƙirji, daga titi aka tsinto ta aka horar da ita. Mai ita ke kawo ta da ƙarfe goma, da takardar allurarta a jaka, kuma ba ta wuce awa ɗaya don kada ta gaji. Akwai wani yaro ɗan shekara takwas da ba ya yarda a taɓa shi. Ko hannu ka ɗora masa a kafaɗa sai ya sandare, in kuma ya zauna sai ya yi ta rangaji gaba da baya. Ba wanda ya ce masa ya je wurinta. Ita ma ba ta je ba, kwanciyarta ta yi a kan darduma ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta. Sati uku yana kallonta daga bayan kujera. A na huɗu ya miƙa yatsa ɗaya ya taɓa bakin kunnenta, ya janye, ya sake. Yanzu shi ke taje mata gashi, kuma yana karanta mata littafi da ƙarfi, shi da ko malamarsa ba ta jin muryarsa. In ya yi kuskure ba ta gyara masa, ina jin sirrin ke nan. Ba wai ya warke ba fa, rangajin yana nan. Sai dai ran nan ya kama hannuna ya ɗora a bayanta, ya ce in daina tsoro. Lokacin aka ɗauki hoton da kake yi wa dariya.

Maganar najasar kare da ka tayar, ni ma ta dame ni. Na kira Malam na tambaye shi, ya tuna mini cewa a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai bin umarni ne. Ya ƙara da hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Duk da haka ina tafiya da wando na daban a jaka, in canza kafin azahar. Zuciya ba ta barin abin da ta saba.

Abin da ke hana ni barci shi ne saura mini shekara ɗaya da rabi in gama. Ban faɗa wa yaron ba. Matar ta ce za mu fara gaya masa wata shida kafin lokacin, da kalanda a bango, yana soke ranaku da hannunsa.

In mai zuwa ya samu, a aiko mini da kuka da daddawa, na yi wa yaran alkawarin za su ci mamaligarsu da miyar gaske. Ka gaida Hajiya, ka ce ina neman addu'a, jarrabawa sai watan gobe.

Naka har kullum.