Na'urar da ake dasawa a jijiya

Malam Edita,

A 2016 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, ciki har da ɗaliban digirin digirgir, sun dasa wa ɓeraye wata na'ura mai ɗaukar saƙon da ke bi ta jijiya, wadda ƙwayar shinkafa ta fi ta girma. Ba waya, ba batir. Sautin da kunne ba ya ji ke ba ta wuta.

Abin ya taɓa ni, don ƙanena na fama da farfaɗiya. Ni ke tallafe kansa in ta kada shi. Tun 1997 Amurka ta amince da wata na'ura dabam da ke motsa jijiyar wuya don rage ciwon, amma sauya batirinta sai da tiyata.

Don Allah ku riƙa kawo mana labarin wannan bincike da Hausa.

Mai karatunku daga Zariya