Zuwa ga ƙanena da ya tambaya ko baƙaƙe ba su iya besbol ba ne

Assalamu alaikum ƙanena,

Ka tambaye ni a bainar jama'a, ka ce tunda sai a 1947 Jackie Robinson ya shiga babban lig na besbol (wasan da ake jefo ƙwallo a doke ta da sanda) a Amurka, ina baƙar fata suke duk shekarun da suka gabata, ko dai wasan ne ya fi ƙarfinsu? To ga amsarka, kuma wallahi abin yana ci min rai sosai.

Sun iya ƙanena, iyawa ta gaske, ƙofa aka rufe musu. Tun 1884 wani baƙar fata Moses Fleetwood Walker ya buga wa Toledo a babban lig, daga baya ne masu kulob suka haɗa baki aka daina ɗaukarsu, kuma a manyan lig ɗin babu wata doka a rubuce, kawai kowa ya san ba a yi. Ka ji abin da ya faru a 1901, John McGraw kocin Baltimore ya ga wani Charlie Grant yana wasa a garin Hot Springs, mutumin aikin ɗaukar kayan baƙi yake a otal, wasansa ya burge McGraw har ya laƙaba masa suna Tokohama ya ce ai ɗan ƙabilar Cherokee ne, wato cikin ƴan asalin Amurka, ba baƙar fata ba, don a bar shi ya shiga, sai Charles Comiskey mai kulob ɗin Chicago ya tona asirin, shikenan Grant bai taɓa bugawa a babban lig ba. Kocin da ke neman nasara ba zai sha wannan wahalar a kan wanda bai iya ba ai.

Wanda nake so ka riƙe sunansa shi ne Rube Foster, ɗan Texas, gwanin jifa ne kafin ya zama mai Chicago American Giants. A lokacin kulob ɗin baƙaƙe yawo suke gari gari suna neman wanda za su buga da shi, filayen na fararen fata ne, dillalan da ke shirya wasa su ma haka, kuɗin ƙofa sai an yanke kaso kafin ya iso hannun ƴan wasa, wani garin ma a buga wasa jama'a su tafa amma otal ya hana su kwana. Foster ya tara masu kulob a Kansas City a watan Fabrairu 1920 suka kafa lig na baƙaƙe mai suna Negro National League da ƙungiyoyi takwas, daidai lokacin da baƙaƙe ke ƙaura daga kudu zuwa Chicago da Detroit neman aikin masana'anta, ga ƴan kallo ga ɗan kuɗi a aljihu. A 1924 har gasar zakaru suka yi, Kansas City Monarchs ta doke Hilldale. Monarchs ɗin nan a 1930 suka fara yawo da fitilu da janareta a mota suna wasan dare, manyan lig sai 1935 suka fara. Shi Foster bai ga ƙarshen abin ba, rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ta kama shi a 1926, ya rasu a 1930, Allah sarki.

Robinson ɗin da kake magana, daga Monarchs ya fito, a can ya buga a 1945, kuma Brooklyn Dodgers, kulob ɗin babban lig, ba ta biya su ko sisi ba da ta ɗauke shi. Sai a Disamba 2020 hukumar manyan lig ta yarda cewa lig ɗin baƙaƙe na 1920 zuwa 1948 manyan lig ne, da aka haɗa alƙaluma a 2024 sai ga Josh Gibson, gwanin lig ɗin baƙaƙe, ya haye saman Ty Cobb, farar fatar da ke kan gaba a da, a matsakaicin dukan ƙwallo. Gibson kuwa ya rasu a Janairu 1947 yana ɗan shekara 35, wata uku kafin Robinson ya buga wasansa na farko a Brooklyn.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Yayanka