'Yan matan gidan Bronte sun zama masu binciken laifi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya ya aiki. Dan Allah a ɗan sam min fili a shafin adabi, magana gareni akan wasu littattafai na wata marubuciyar Ingila, Rowan Coleman, da take sa hannu da sunan Bella Ellis, wacce ta ɗauko 'yan matan gidan Bronte su uku, Charlotte da Emily da Anne, shahararrun marubutan Ingila na ƙarni na 19, ta maida su masu binciken laifi. A gurup ɗinmu na karatu gardama ta kaure, wasu sunce wannan cin mutuncin mamata ne, mutane sun yi rayuwarsu sun tafi kazo ka ƙaga musu abinda basu yi ba. Ni kam ban yarda ba.

Na farkon, The Vanished Bride, ya fito a 2019, labarin yana faruwa ne a 1845 a yankin Yorkshire. Wata matar aure ce ta ɓace daga wani ƙaton gida, aka wayi gari ba ita sai jini a ɗakinta, ga yara biyu an bari ga miji da ba'a yarda dashi ba, shine 'yan matan nan suka ɗaura ɗamarar gano gaskiya, suna taka sayyada cikin dajin nan mai iska da sanyi daga gida zuwa gida suna tambaye-tambaye, maza na musu kallon ku kuma wa ya aiko ku. Wasu littattafan sun biyo baya, duk salon ɗaya ne, tsohon gida da duhu da sirrin dangi.

To su masu cewa an ƙaga, eh an ƙaga, ba wanda yace sun taɓa kama mai laifi. Amma a duba ainihin rayuwarsu mana. Babansu Patrick limamin coci ne a ƙauyen Haworth, gidan da suka tashi maƙabarta ce a gabansa, kana leƙa taga kaburbura zaka gani. Mamansu ta rasu a 1821, yayyinsu biyu Maria da Elizabeth suka bita a 1825 bayan sun dawo daga makarantar kwana da ciwo. Wani jami'i mai suna Babbage da yazo duba tsaftar garin a 1850 ya samu cewa sama da kashi 40 cikin ɗari na yara basa kaiwa shekara shida, ruwan shansu ma gurɓatacce ne. Wanda ya tashi a irin wannan wuri ai bai buƙatar a koya masa tsoro, kuma Charlotte da Anne sun yi aikin koyar da yara a gidajen masu kuɗi, wato irin mutumin da yake cikin gida yana ganin komai yana jin komai amma ba mai lissafi dashi, wlh in dai bincike ne ban ga wanda ya fi su dacewa ba.

Abinda yafi burgeni shine zaɓen shekarar. A 1845 ba wanda ya sansu, sai a 1846 suka buga waƙoƙinsu da sunayen maza, Currer da Ellis da Acton Bell, kwafi biyu kacal aka saya, sannan a 1847 littattafansu Jane Eyre da Wuthering Heights da Agnes Grey suka fito. Daga nan ma ita marubuciyar ta aro Ellis ɗinta. Marubutanmu mata da suke sakin labari a WhatsApp da sunan aro saboda gudun surutun dangi zasu gane wannan ba sai an musu bayani ba.

Inda nake da ƙorafi kawai, wani lokaci ana cusa abubuwan da zasu zama littattafansu nan gaba har yayi yawa, kamar duk abinda Emily ta rubuta sai da ta gani da idonta, alhali yarinyar nan kai gareta. Kuma in ka san ƙarshensu karatun yana da nauyi, ɗan'uwansu Branwell ya rasu a Satumba 1848, Emily a Disamba tana da shekara 30, Anne a Mayu 1849, Charlotte ta rage ita kaɗai da babansu, tayi aure a 1854, itama ta rasu a 1855.

Roƙona a samu wani cikin masu sharhinku ya karanta ko na farkon ne ya faɗa mana ra'ayinsa, ya ware mana tarihi daga ƙirƙira, dan gardamar nan taƙi ƙarewa.

Naku mai karatu,
daga Zariya