Barka da Sallah, da amsar tambayar Auta kan tangistin

Assalamu alaikum Baba da Inna, da yayye da ƙanne baki ɗaya. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Ina nan lafiya, sai kewarku.

Auta, ka ce me ke tsaga tangistin a injin haɗe ƙwayoyin nukiliya, alhali ƙarfe ne da sai zafi ya kai digiri 3422 na ma'aunin Celsius yake narkewa. To, a wurin hucewa ake yin ɓarnar.

Dubi injin ITER da ake ginawa a kudancin Faransa. A ƙasansa, inda filasma, wato iskar gas mai tsananin zafi da ke cikin injin, za ta riƙa sauke zafinta, za a jera ƙananan tubalan tangistin, kowanne da bututun jan ƙarfe ya ratsa cikinsa, ruwa na gudu. Zafi mai ƙarfin megawat 10 zai riƙa sauka a kan kowane murabba'in mita, wani sa'in har 20. Ban da wannan, gefen filasma kan yi feshin zafi wanda bai wuce ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ba. Fatar ƙarfen kaɗai ke ɗaukar wutar. Tana so ta buɗe, na ƙasa mai sanyi ya riƙe ta, sai ta matse ta lotsa. Da ta huce sai ta tsuke, ga shi ta riga ta gajarta, sai ja ya kama. Shi kuwa tangistin, ƙasa da digiri 200 zuwa 400, gautsi gare shi kamar tangaran. Nan take sai ya dare.

Filasmar kanta tana ƙara dagula lamarin. Iskar haidurojin da ke cikinta na kutsawa ta taru a cikin ƙarfen, fatar ta yi bororo. Hiliyom, wani gas ɗin da ke cikin filasmar, ya fi ɓarna a ganina: yana tara ƙananan kumfa a ƙarƙashin fata, in zafi ya haura kamar digiri 700 sai saman ya tsiro da wani gashi-gashi wanda ba ya wuce da zafi sosai. Fatar da ta sha wannan ba ta jure feshin da sabuwa za ta jure. In kuma zafi ya daɗe sama da kamar digiri 1200, ƙwayoyin ƙarfen su sake tsari su yi manya, tsaga ta riƙa bin iyakokinsu.

Tsagar da ta miƙe zuwa ƙasa tana da sauƙi. Wadda ta kwanta a ƙarƙashin fata ita ce mugunya, don tana datse hanyar zafi zuwa bututun ruwa, wurin ya narke, ɓurɓushi ya faɗa cikin filasma ya sanyaya ta. Shi ya sa kafin a amince da tubali ake gasa shi sau 5000 a megawat 10, sau 300 a megawat 20.

Inna, a ci gaba da sa ni a addu'a. A gaishe mini da kowa da kowa.

Ɗanku.