Wasiƙar Godiya ga Maƙeran da Suka Haɗa Mana Tukunyar Tururi a Panteka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin kaina da ɗaliban da nake koya wa kimiyya a nan Kaduna, domin in gode wa maigidan wani shagon walda da sassaƙa ƙarfe da ke Tsohuwar Kasuwar Panteka, tare da yaran shagonsa, bisa aikin da suka yi mana na sanya injin tururi a cikin ɗan ƙaramin jirgin ruwa na katako wanda ake sarrafawa da rimot daga bakin ruwa. Na zaɓi in yi godiyar a bainar jama'a saboda aikin da ya fi muhimmanci a jirgin nan ɓoye yake a cikinsa, kuma mai kallo daga gaɓa ba zai san wanda ya yi shi ba.

Malam, kun karɓi zanen da muka kawo ba tare da kun raina shi ba, ko da yake tsawon jirgin bai kai mita ɗaya ba, kuma kuɗin aikin bai kai na ƙofar ƙarfe guda ba. Abin da kuka fara tsayawa a kai shi ne tukunyar tururin, kuma a nan ne na gane irin mutanen da muka zo wurinsu. Kun ce da jan ƙarfe tsantsa za a yi ta, duk da cewa tagulla ta fi sauƙin samu a kasuwar, domin tagulla tana haɗe da tutiya, kuma ruwan zafi yana cinye tutiyar sannu a hankali har ƙarfen ya raunana ba tare da ido ya gani ba. Haka kuma kun ƙi liƙe ta da dalmar da masu gyaran rediyo ke amfani da ita, wadda ke narkewa tun zafi bai kai digiri 200 ba, kuka nemo sandar waldar azurfa wadda sai zafi ya haura digiri 600 take narkewa. Ɗalibaina sun fahimci dalilin nan take, domin mun riga mun karanta cewa idan matsin cikin tukunya ya kai bar 3, wato ɗan sama da iskar da ake hura wa tayar ƙaramar mota, ruwan ba ya tafasa sai a wajen digiri 143, kuma idan ruwa ya ƙare alhali wuta na ci, zafin bangon tukunya yakan zarce haka nesa ba kusa ba.

Gwajin da kuka yi kafin a kunna wuta shi ne abin da ya fi burge ni. Kun cika tukunyar maƙil da ruwan sanyi, kuka toshe kowace kafa, sannan kuka matsa da famfon hannu har geji ya nuna ninki biyu na matsin da za ta yi aiki da shi, kuka bar ta a haka muna duba kowane haɗi ko zai yi yoyo. Da wani ɗalibi ya tambayi abin da ya hana a gwada da iskar kwamfureso tunda ga ta a shagon, kun bayyana masa cewa ruwa ba ya matsuwa, saboda haka idan ƙarfe ya tsage ɗigo kawai za a gani, amma iska ko tururi da aka danne suna iya tarwatsa tukunyar a fuskar mutum. Ruwa idan ya zama tururi yakan kumbura kusan sau 1,700, kuma wanda ya san wannan ba ya wasa da tukunya komai ƙanƙantarta. Bayan haka ne kuka ɗaura bawul ɗin da ke sakin tururi da kansa idan matsi ya wuce kima, da ɗan bututun gilashi mai nuna inda ruwa ya tsaya.

Injin kansa mai silinda biyu ne masu lilo, kuma kun gyara zamansa yadda sandarsa ta daidaita da sandar farfela ba tare da karkata ba. Amfanin silinda biyu shi ne injin yana tashi da kansa daga ko'ina ya tsaya, abin da ya zama dole ga jirgin da ke tsakiyar ruwa inda hannu ba ya kaiwa. Bawul guda ne ke ba shi gudu, ya rage, ya kuma mayar da shi baya, kuka haɗa shi da 'yar na'urar lantarki da ke karɓar umarnin rimot, wata kuma tana juya akalar jirgin. Kun nisanta batir da na'urar karɓar saƙo daga wuta, kuka lulluɓe tukunyar da siraran katako don riƙe zafi, kuka kuma zaunar da ita can ƙasa don kada nauyi ya kifar da jirgin.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ba mu roƙa ba amma kuka yi. Kun ƙera ɗan tanki da ke tare man da ke fitowa tare da tururin da ya gama aiki, don kada mu ɓata ruwan tafkin da mutane ke shayar da dabbobi. Kun auna tankin gas ɗin da ke ba tukunyar wuta yadda gas ɗin zai ƙare kafin ruwan tukunya ya ƙare, kuka kuma gargaɗe mu da kada mu bar shi cikin rana, musamman a zafin Maris da Afrilu, sannan mu riƙa zuba wa tukunyar ruwan sama da aka tace maimakon na rijiya wanda ke barin ƙanzo a ciki.

Mun gwada jirgin a wani tafki mai kwanciyar ruwa, domin Kogin Kaduna yana da gudun da zai fi ƙarfinsa, kuma ya tafi gaba, ya yi baya, ya dawo gaɓa lafiya. Kaduna gari ne da ya girma a kan layin dogo, tun zamanin da jiragen ƙasa ke tafiya da kwal da tururi, amma yaran da nake koyarwa ba su taɓa ganin tururi yana juya ƙarfe ba sai a wannan jirgi, kuma yanzu biyu daga cikinsu suna neman izinin iyayensu don su riƙa zuwa shagonku lokacin hutu.

Ina roƙon ku karɓe su idan sun zo, kamar yadda kuka karɓe mu. Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare hannuwanku da idanunku daga haɗarin sana'a, Ya kuma buɗa muku kasuwa.

Wassalam,
Malamin kimiyya, Kaduna.