Masu hawan dutse a bakin teku, a dinga duba ƙasa kafin a jefa katifa

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu hawan dutse ba igiya, wanda ake ce wa boldarin, wato ka hau dutse mai tsayin mita 4 ko 5 daga kai sai takalmi da alli a hannu, katifa na ƙasa tana jiranka in ka faɗo. Ni ma ina yi, kuma gaskiya na bakin teku ya fi min daɗi duk da sai ka zauna jiran ruwa ya janye dutse ya bushe.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke cewa wai maganar tsuntsaye ta masu igiya ce tunda su ke hawa can sama, mu ai a ƙasa muke. Haba jama'a! Akwai tsuntsayen da ko kaɗan ba sa sheƙa a sama, cikin tsakuwa suke ɗan yin gurbi su zuba ƙwai, ƙwan kuma kalarsa ɗaya da tsakuwar, daidai inda muke jibge katifa da jakunkuna. Ranar nan saura ƙiris in take wasu guda 4, uwar tana ta jan fiffike a ƙasa kamar ya karye, ni kuwa har tausayinta nake ji, ashe dabara ce take yi ta janye ni daga wajen.

Na saman ma ba su tsira ba. Gilimot, wata tsuntsuwar teku, ƙwai 1 tak take kwanci a kai, a kan tsurar dutse ba ciyawa ba komai, in ihunmu da waƙar sifika suka firgita ta ta tashi to ko ƙwan ya gangara ko hankaka ya sure, minti 2 ya isa. Ita kuwa fulma, wata tsuntsuwar tekun, ta iya ramawa, wani mai take fesowa daga ciki mai ɗan karen wari, ka wanke rigar har ka gaji yana nan.

A Birtaniya sun daɗe da tsara abin, a duwatsun bakin teku na Gogarth da ke Wales ana daina hawan wasu sassa saboda tsuntsaye na kwanci daga 1 ga Fabrairu zuwa 31 ga Yuli, ƙungiyar masu hawa ta BMC da kanta ke sanarwa, kuma dokar ƙasar ta 1981 ta hana ɗauka ko fasa ƙwai ko lalata sheƙar da ake amfani da ita. Ga murar tsuntsaye ta 2022 ta kashe dubban tsuntsaye a tsibirin Bass Rock na Scotland, da wanne za su ji?

Ni dai yanzu da na ji tsuntsu na kuka yana shawagi a kaina sai in naɗe katifata in bi ta jiƙaƙƙen yashi in koma gaba, masu zuwa da kare kuma dan Allah a riƙe shi da igiya, shi ya fi mu saurin gano ƙwan.

Naka mai karanta jaridarku kullum.