A koya wa ɗalibai neman fankishin da hannu

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu koyar da rubuta manhaja, saboda abin da na gani a wurin aiki makon jiya.

Wani matashi da muka ɗauka kwanan nan, yaro mai ƙwazo ƙwarai, ya zo ya same ni fuska a yamutse. Kod ɗin Linux yake karantawa, wato rubutun umarnin da aka gina wannan babbar manhajar sarrafa kwamfuta da shi, yana son ganin inda aka rubuta jikin fankishin ɗin nan sys_read (fankishin guntun kod ne mai suna, da ake kira ya yi wani aiki). Ya ɗora alama a kan sunan, ya danna F12, maɓallin da ke kai ka inda aka rubuta jikin fankishin a manhajar rubuta kod ta VS Code, shiru. Sai ya ce mini wai babu shi. Na ce, ana kiransa dare da rana kuma babu shi?

Ba na raina F12, ni ma da shi nake aiki. Amma maɓallin yana dogara ne da wata manhaja da ke aiki a bayan fage, wadda sai ta san yadda ake harhaɗa aikin, wato mayar da kod ya zama manhaja mai aiki, kafin ta nuna hanya. A kod mai layi sama da miliyan 30, in ba ka shirya ta ba, makauniya ce.

Na ce ya gwada grep, tsohon makamin neman kalma a cikin fayiloli da Ken Thompson ya rubuta tun farkon shekarun 1970. Layuka suka zubo: ga sunan a fayil ɗin syscalls.h, ga shi a jadawalan nau'o'in na'ura daban-daban, ga wani ksys_read mai kama da shi. Jikin dai babu. A nan darasin yake. Ba a rubuta sunan gaba ɗaya a inda aka gina shi ba. Makuro, wato gajeren umarni da ake faɗaɗa shi ya zama cikakken kod, shi ne ke liƙa sunan lokacin harhaɗawa. Abin da za ka nema shi ne SYSCALL_DEFINE3(read, yana nan cikin fs/read_write.c, kuma 3 ɗin adadin abubuwan da ake miƙa wa fankishin ɗin ne. Wanda bai san al'adar gidan ba zai kwana yana zagaye ƙofa.

Kowane harshen rubuta manhaja da tasa alamar. A Python ka haɗa sunan da def, a Go da func, sai wuraren kira su zube su bar maka wurin gini. Mutanen GNU ma, wata ƙungiyar masu rubuta manhaja, da gangan suke fara layi da sunan fankishin don nema ya yi sauƙi, kuma wallahi na sha yi musu godiya a zuciya.

Roƙona ga malamai: ku ware ko mako ɗaya ne, ku hana ɗalibai F12, ku ba su babban kod na wasu su yi ta tono. Yaron nan nawa, da na ce ya nemo sys_write, ko minti biyu bai yi ba ya dawo yana dariya. Yana ƙasa kaɗan, a fayil ɗin da yake buɗe a gabansa.

Naka,
Wani mai rubuta manhaja